Gargaɗi ga duk wanda ya ci cacar biza yana cikin Amurka: dala 5,070 na ba mutumin nan

Assalamu alaikum jama'a. Sati uku kenan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma jiya na ji labarin har yanzu ana kai wa mutumin da ya damfare ni a kan takardun biza mutane, wani da ake ce wa "Lauya", to wallahi ba zan iya yin shiru ba. Dala 5,070 na ba shi. Ba dalar gida ba da muke ƙirga sefa biyar-biyar, dalar Amurka nake nufi, in ka mayar da ita sefa kusan miliyan uku kenan. Kuma ba kuɗin ne ma ya fi ƙona min rai ba, girin kad ɗina, wato katin zama na dindindin a Amurka, ya tafi, 30 ga Satumba 2024 da ita ce ranar ƙarshe ga waɗanda suka ci cacar shekarar ta wuce, shikenan babu ɗaukaka ƙara babu a ɗage maka zuwa baɗi.

Ni ɗan Maradi ne, karatu ya kawo ni New York da bizar ɗalibi ta F-1, a Bronx nake zaune. Na shiga cacar DV-2024 a watan Oktoba na 2022 da hannuna a wayata, ban biya kowa ko sisi ba. Watan Mayu na 2023 na sa lambar tabbatarwata a shafin gwamnati na ga an zaɓe ni, sai da na yi sujada a tsakar ɗaki. Fom ɗin DS-260 ma ni na cike da kaina na tura wa cibiyar da ke Kentucky, na nuna musu cewa a nan cikin ƙasa zan canza matsayi daga ɗalibi zuwa mai girin kad, ba zan koma ofishin jakadanci na Yamai ba. Ina faɗin wannan ne don masu cewa "ai kai ma da sakacinka, ɗan boko guda". Ni ba jahili ba ne. Na karanta, na san ana jiran lambar mutum ta shigo a Visa Bulletin, jadawalin da gwamnati ke fitarwa duk wata, na san shekarar kuɗinsu tana ƙarewa 30 ga Satumba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne I-485 na neman canza matsayin, fom ne mai shafuka da yawa da tambayoyi masu sarƙaƙiya, an taɓa kama ka, ka taɓa aiki ba izini, ka taɓa karya sharaɗin bizarka, kuma an ce min kuskure ɗaya za a iya dawo maka da komai. Tsoron kuskure ne ya kai ni wajenshi, wato don in kiyaye na je.

Bayan sallar Juma'a ne wani dattijo da nake girmamawa ya ce min akwai wani ɗan uwanmu mai ofis, "Lauya" kowa ke ce mishi, ya yi wa mutane da yawa takardu. Dattijon ba shi da laifi, shi ma abin da ya ji ya faɗa.

Wannan ranar da na fara shiga ofishin ita ce ta hana ni barci har yau. Ɗan ƙaramin ofis ne a saman bene, ana harkar haraji da tura kuɗi gida a gefe guda. Ya miƙe ya tarbe ni da Hausa tsantsa, ya ce "ƙanena zauna, nan gidanka ne", ya sa aka kawo shayi a ƙaramin kofi, ya tambaye ni unguwarmu a Maradi na faɗa ya ce ai ya san wajen, har ya ambaci wani masallaci da ke kusa da gidanmu. A bango akwai hotunan mutane kowa riƙe da kati yana murmushi. La'asar ta yi ya ɗauko darduma biyu daga bayan kujera ya shimfiɗa, ya ja mu sallah. Ya ja ni sallah jama'a. Bayan mun sallame ya dafa kafaɗata ya ce "ƙanena, in na ci kuɗinka Allah ya isa tsakanina da kaina, kai dai ka je ka yi karatunka ka bar min wannan". To ku gaya min, waye a cikinku zai tashi daga kan darduma ya ce wa wanda ya ja shi sallah Yaya nuna min lasisinka? Waye? Na sha juya wannan a raina, shayin nan, dardumar nan, hannun nan a kafaɗata, ina neman inda ya kamata in farga, kuma har yanzu ina ganin ko waye a matsayina zai yarda.

Kuɗin ga yadda suka tafi. 2,500 ladan aikinshi, na ba shi 1,500 a hannu ranar, sauran 1,000 ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki ta waya. Sai 330 na cacar wanda ake biyan Ma'aikatar Harkokin Waje kafin a canza matsayi, ya ce in kawo shi zai aika. Sai 1,440 na USCIS, hukumar shige da fice da ke karɓar I-485. Sai 800. Ku haɗa da kanku, 5,070. Na 800 ɗin ne ya fi min ciwo, zan zo kanshi.

Af, na manta, kafin wannan ma akwai maganar sa hannu. Tun zuwa na biyu, ina jin Fabrairu ne ko farkon Maris, ya miƙo min shafukan ƙarshe na fom ɗin kawai ya ce in sa hannu zai cike sauran da daddare. Na ce Yaya ba zan karanta ba tukuna? Ya yi dariya ya ce mutum ɗari nawa ya yi wa. Na sa. Sannan ya ce adireshin ofishinshi zai rubuta a matsayin inda za a riƙa aiko wasiƙa, wai gidajen haya na Bronx wasiƙu na ɓacewa a akwati, kuma gaskiya ne suna ɓacewa, an taɓa ɓatar min da katin banki a gidan da nake, shi ya sa maganar ta shige ni. Ashe da wannan ya rufe min ido gaba ɗaya, duk abin da zai zo ko ba zai zo ba sai ta bakinshi zan ji.

Lambata ta AF, wato rukunin Afirka, mai ɗan nisa ce, a watan Mayu na 2024 ta shigo. Na kira shi ina murna ya ce ai tuni ya shirya komai, in turo 1,440 don daga 1 ga Afrilu kuɗin ya tashi daga 1,225. Na duba na ga gaskiya ne ya tashi. Kun ga irin abin? Duk maganar da zai faɗa akwai gaskiya a jikinta, shi ya sa nake cewa ban yi wauta ba, na bincika, abin da na bincika ya fito daidai. Abin da ban tsaya a kai ba shi ne kuɗin gwamnati da sunan gwamnati ake biya, a lokacin U.S. Department of Homeland Security ake rubutawa a cak ɗin, ni kuwa na tura ta Zelle zuwa sunanshi na kanshi don ya ce zai haɗa da cak ɗin ofis. Kuɗin nan Kawuna ne ya haɗo min rabi daga gida, ya sayar da shanunshi biyu, ya ce ɗana in ka samu katin nan duk dangi sun samu.

Gwajin likita na je na yi da kuɗina daban wajen likitan da USCIS ta amince da shi, allurai, jini, komai, aka ba ni I-693 a ambulan a liƙe aka ce kar in buɗe. Na kai mishi. Na kai mishi takardar haihuwata da fassararta, takardar BAC ɗina ta asali wato shaidar gama sakandare, I-20 ta makaranta, I-94 ta shigowa ƙasa, kwafin fasfo, hotuna, takardar banki. Har yanzu BAC ɗina tana hannunshi.

Sati uku shiru, na ce Yaya ina rasit? Ya ce layi ne. Sati biyar, ya ce an canza ma'aikata. Sai a ƙarshen Yuni ya turo min hoto ta WhatsApp, takarda mai I-797C a sama da sunana da lamba, haruffa uku da lambobi goma kamar yadda take. Wallahi na yi murna har na tura wa Kawu. Na sa lambar a shafin duba matsayi na USCIS, ya ce bai gane lambar ba. Na sake, na sake, na kira shi ya ce na masu caca ba ya fitowa a intanet da wuri saboda ta Kentucky yake bi. Na yarda. Eh na yarda, don na san da gaske sai an nemo fayil ɗin mutum daga Kentucky kafin a amince, to sai maganar ta yi kama da gaskiya.

Yuli ya kira ni da kanshi da dare, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ƙanena lokaci na ƙurewa, bizar bana ta kusa ƙarewa, amma akwai hanyar gaggawa dala 800 a sa fayil ɗinka a gaba. Ranar ban da ko 200 a asusu. Na bi abokai uku na ranto. Daga baya na ji cewa I-485 ba shi da wani kuɗin gaggawa da ake biya kwata-kwata, babu shi, roƙon a hanzarta kyauta ake yi. 800 na bashi, har yau ina biya.

Wanda ya farkar da ni wani yaro ne ɗan Kamaru a makarantarmu, shi ma ya ci ta shekarar, lambarshi ma ta fi tawa nisa. Muna hira a watan Agusta ya ce shi an ɗauki zanen yatsunshi tun tuni har an sa mishi ranar intabiyu, ya ce kai fa? Na ce ina jira. Ya ce nuna min rasit ɗinka. Ya kalli hoton ya buɗe nashi ya jera su, ya yi shiru, ya ce ɗan uwa je ka ga lauya gobe. Jikina ya yi sanyi a wajen, ban ma iya shiga aji ba.

Lauyar gaskiya da na samu ba ta yi minti goma ba ta ce ba a taɓa shigar da komai da sunana ba. Ta tambaye ni ko na sa hannu a G-28, fom ɗin da lauya ke haɗawa don ya nuna shi ke wakiltarka, na ce ban taɓa jin sunanshi ba. Ta duba sunan mutumin a rajistar lauyoyi, babu. 330 ɗin ma ba a aika ba, ba rasit. Sannan ta faɗi maganar da ta sa na zubar da hawaye a gabanta, wai tunda Visa Bulletin yana nuna lambobin caca na watan gaba tun da wuri, da na iya shigar da takarduna tun cikin Maris, kafin ma kuɗin ya tashi. Tun Maris. Ina zaune ina shan shayinshi wata biyar suna wucewa.

Mun yi ƙoƙari, ba zan ce ba mu yi ba. Na sake biyan 1,440, na sake 330, na sake likita, da kwafin BAC da na taɓa ɗauka a waya, muka tura a ƙarshen Agusta, muka roƙi a hanzarta, muka rubuta wa ofishin ɗan majalisar yankinmu. Rasit na gaskiya ya zo, wannan karon lambar ta fito a shafi. Amma lokaci bai isa ba, kuma ban ga laifin kowa a can ba, doka ce, in ba a amince ba kafin ƙarshen 30 ga Satumba zaɓenka ya mutu. Daren ranar ina riƙe da waya ina sabunta shafin har sha biyu ta wuce.

Shi kuwa da na je ofishin a Agusta, kafin in tura na biyun, ko bayan ne, na manta, ya ce min wai yaronshi ne ya yi kuskure wajen aikawa zai dawo min da kuɗina ranar Juma'a. Juma'a takwas kenan ko tara. Yanzu ya toshe lambata. Banki sun ce tunda da hannuna na tura ta Zelle babu abin da za su yi. Na kai ƙara ofishin babban lauyan jihar New York da FTC, hukumar tarayya da ke karɓar ƙorafin damfara, lauyata ce ta nuna min yadda ake yi. Wasu manya sun kira ni wai in rufa mishi asiri, ɗan uwa ne, yana da iyali, a sasanta a masallaci. Ni ba ni da iyali ne? Shanun Kawuna fa? 5,070 fa? Ban ambaci sunanshi a nan ba don lauyata ta ce in dakata har ƙarar ta yi nisa, ba don tsoro ba. Amma ina da komai, hoton Zelle huɗu, rasit ɗin bogin, saƙon murya inda yake cewa 800 na gaggawa, zan sa su in na rufe lambobina da ke jiki, ku jira.

In ka ci kana nan: kar ka tura kuɗin gwamnati zuwa sunan mutum. Kar ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Adireshinka ka sa. Ba G-28, ba sunanshi a rajistar lauyoyi ko cikin wakilan da Ma'aikatar Shari'a ta amince da su, tashi ka fita ko da ya ja ka sallah. Lambar rasit ta ƙi fitowa, ka kira USCIS da kanka ranar.

Inna ta kira ni shekaranjiya tana tambaya ko katin ya iso don tana so ta yi sadaka, na ce mata ana nan ana jira. Har yanzu ban gaya mata ba, Kawu ma ban san ta inda zan fara mishi ba.