Kayan lambun Ingila da fartanyar Baba

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Baba? Ka ce bayan nasa ya sake riƙewa tun da aka gama noman farko, Allah ya ƙara sauƙi, shi ne na ce bari in ba ka labarin kayan aikin da mutanen nan ke riƙewa ko za a tsinci wani abu a ciki.

A Birmingham kansul, wato hukumar gari, na ba da fili haya a yi lambu, wuraren sun haura 100 a garin, cikakken fili kuma wajen murabba'in mita 250 ne, ni rabi na samu bayan na daɗe a layi. Yawancin maƙwabtana tsofaffi ne 'yan fansho, wasu sun girmi Baba wlh, amma sai ka ga tsohuwa ta wuni tana cire ciyawa ta tashi garau ta kama bas. Ba wani ƙarfi suka fi mu ba, dabarar kawai ba sa duƙawa. Fartanyarsu ƙotarta ta kusa kai kafaɗa, bakin a shimfiɗe yake, tura shi ake yi gaba ya yanke ciyawa daga ƙasa, mutum na tsaye bayansa a miƙe. In aikin na zama ne akwai wani ɗan benci mai soso da maƙamai biyu, ka durƙusa a kai gwiwa ba ta taɓa ƙasa, in za ka tashi ka dafa maƙaman, in ka kife shi ya zama kujera. Masu ciwon ƙugu ma katako suke kewayawa su cika da ƙasa, komin ya taso har cinya.

Kamfanonin da na fi gani su ne Fiskars na Finland da Wolf-Garten na Jamus, shi na Jamus ɗin ƙota ɗaya za ka saya sai ka dinga canja kai, yau fartanya gobe manjagara. Akwai almakashin reshe mai giya da ke yanka kaɗan kaɗan a matsa uku ko huɗu, don masu ciwon gaɓɓai. Ai har a Amurka jihar Kalifoniya ta hana a sa leburorin gona aiki da gajeriyar fartanya tun 1975 saboda lalata baya da take yi.

To amma kar ka ce komai na nan ya fi namu fa. Tsada kam ba a magana, almakashi ɗaya na kamfanin Felco ya haura fam 50, ka buga lissafi a naira ka ji. Masu arahar da ake zubawa a kantunan Lidl da Aldi lokacin bazara roba ta yi musu yawa, kuma in abu ya karye ba maƙerin da za ka kai wa, sai dai ka jefar ka sayi sabo, abin da ya fi ba ni haushi kenan. Ƙasarsu ma laka ce mai nauyi kuma ba sa yin kunya irin tamu, don haka fartanyar turawar nan ba za ta tayar da huɗa ba, wannan aikin garma ne ko shanu.

Kuma in ka duba mu ma muna da abin. Sungumi a tsaye ake sara da shi. Mutanen Damagaram a ƙasar yashi a tsaye suke noman gero da doguwar hauyarsu tun kaka da kakanni. Shi ya sa nake ganin ba sai na turo kaya ba kuɗin jirgi ya fi kuɗin kayan. Ka je wajen maƙerin kasuwa da Baba, a auna shi a tsaye a yi ƙota daidai tsawonsa, bakin ya zama mara nauyi a wasa shi sosai, a naɗa tsohon tib na keke a wajen riƙewa don kar hannu ya yi kanta. Kafinta kuma ya buga masa bencin nan, zan turo hotonsa ta WhatsApp anjima. Ruwan lambu a daina ɗaukar masa bokiti ɗaya babba a gefe guda, a raba biyu ko a sa a baro.

Na san Baba zai ce noman tsaye na ragwaye ne, kar ka yi musu da shi, ka ajiye masa a bakin komin albasa kawai. In ciwon na sauka har ƙafa ko ƙafar na mutuwa a kai shi asibiti dan Allah, kar a tsaya kan man zafi. A gaida Inna.