Katun Mai Barkwanci Ko Mai Mugu: Wanne Za A Tura Wa Yara?

Iyaye a ƙauyukan Ringim sukan tambayi masu turin fina-finai: cikin katun na sararin samaniya, wanne ya fi, mai mutum-mutumin barkwanci ko mai mugu?

Na barkwanci ba sai an ji Turanci ba, tuntuɓe da faɗuwa sun isa dariya. Sai dai kallo biyu ya gunduri yara. Mai mugu kuwa yana riƙe hankali, yara su wuni suna musu a dandali, tamkar tatsuniyar Dodo. Amma jajayen idanu da rugugin inji bayan isha'i kan hana ƙaramin yaro barci, kuma makircin sai babba ya fassara.

'Yan ƙasa da shekara 6, barkwanci ya dace da su. Manyan 'yan firamare a ba su mai mugu, su kalla da rana.