Sharhi: Abincin Ranar Gwaggo Mai Gasasshiyar Kabewa, Babu Nama Babu Nono

A wani ƙauye da ke gefen Kura a jihar Kano, inda nake koyarwa, akwai wata dattijuwa da take dafa abincin rana a gidanta ana kai wa ma'aikata a kula. Kowa Gwaggo yake ce mata. Abin da ya bambanta ta da sauran masu abincin sayarwa shi ne tukunyarta ba ta ganin nama, ba ta ganin kifi ko ƙwai, babu nono babu man shanu. Hatsi ne, da wake, da ganye, da kayan lambu da take gasawa a kan garwashi. Tun kaka nake cin abincinta a ranakun aiki, ga shi har zafi ya fara shigowa, don haka ina da abin faɗa. Ra'ayina shi ne abincin ya ci kuɗinsa, kuma gashin garwashin nan nata shi ne ya raba shi da abin da muka saba kira abincin babu.

Ni dai likita ne ya ce in rage maiƙo da gishiri saboda jinina ya ɗan hau, nono kuma dama ba ya karɓata. Ba wai ina ƙyamar nama ba ne, halal ne, kuma ranar Sallah da ni ake ci. Na so ne in ga ko mutum zai iya ƙoshi da rana, ya koma aji da ƙarfinsa, ba tare da tsoka ko ɗaya a kwano ba. Ana biyanta mako-mako, jikanta ne yake karɓar saƙo ta WhatsApp, shi ne kuma yake kawowa a keke. Kuɗin kwano ɗaya bai kai na shinkafa da miya da nama ɗaya a bakin tasha ba.

Kabewar ce ta kama ni. Yawancinmu a miyan taushe muka san ta, inda take narkewa ta ɓace cikin gyaɗa da alayyafo. Gwaggo ba haka take mata ba. Na shiga gidan na zauna na ga yadda take yi. Tana zaɓar wadda ta nuna sosai, mai jan ciki, ta tsaga ta yanka-yanka masu kauri kamar faɗin yatsu biyu, ta kwashe 'ya'yan, ta bar ɓawon. Sai ta shafe da man gyaɗa da ɗan gishiri da dakakken citta da masoro da kanumfari. Ba ta ɗorawa sai wuta ta lafa, garwashin ya yi toka-toka a sama. Ta jera a kan waya irin ta masu tsire, ta kifa tsohuwar tasa a kai don zafi ya zagaye. Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba kya fere ɓawon?" Ta ce, "Ke 'yar nan, ai ɓawon shi ne kwanonta. Kika fere, a cikin wuta za ki tsince ta."

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin tasar nan ba ɓoyayye ba ne. Kabewa ruwa ne ya fi yawa a jikinta. In an dafa ta a ruwa, zaƙinta yana bin romo. In an gasa, ruwan ne yake fita, zaƙin ya tattaru, gefen ya yi ja-ja har ya ɗan ƙone, cikin kuma ya yi laushi ana ɗiba da cokali. Launin nan na cikinta kuwa alama ce ta sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, kuma ɗan man da aka shafa yana taimaka wa jiki ya karɓe shi. 'Ya'yan ma ba ta zubarwa. Tana wankewa ta shanya, ta soya a busasshen kasko da gishiri, ta barbaɗa a kan abincin. In an zo kansu ana jin ƙarau a baki, kusa da laushin kabewar, kuma wannan haɗin ni dai ban taɓa gajiya da shi ba.

Miyarta ma daga garwashin take farawa. Tumatir da tattasai da attarugu da albasa, wani lokaci da yalo, duk tana gasa su sai fatar ta yi baƙi, ta sale, ta jefa a turmi da daddawa ta kirɓa sama-sama. Ba ta kai wa injin markaɗe. Tsamin tumatir yana mutuwa a wuta, albasa ta yi zaƙi, ƙamshin hayaƙi ya shiga ciki, daddawar kalwa kuma ta ba da nauyin nan da mutum yake nema a romon nama. Ranar farko na roƙe ta kada ta sa mini dunƙule, don wasu akwai ɗanɗanon kaza ko na nama a cikinsu, ga gishiri. Ta ce dama ita daddawa ta gada. Ba sau ɗaya ba abokan aikina suka ɗanɗana suka tambaye ni ina naman ya shige.

Wurin da take zaune ya taimaka mata. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ne yake bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ya sa da rani kayan miya suke zube a nan. Wanda ya taɓa bin hanyar Zariya ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ya san abin da nake nufi. Gwaggo ba ta ma zuwa can, daga bakin gona ake kawo mata wanda aka tsinka da safe. Ta gaya mini da damina, in ɗanye ya yi tsada, kauɗar da ta shanya da kanta take komawa, sai ta ƙara yawan ganye, rama da zogale da tafasa.

Ta ɓangaren hatsi tana juyawa. Wata rana dambun tsakin masara da zogale, a turara a madambaci ya fito wara-wara. Wata rana burabuskon gero, wanda a ganina shi ya fi dacewa da kabewar, don geron yana shan miya ba ya caɓewa. Akwai shinkafa 'yar gida, wadda Kura ta yi suna wajen gyaranta, akwai kuma alkama da take dafawa ɗungurungum da wake. Acca sai jefi-jefi, tunda daga wajen Filato ake kawo ta, ga tsada ga wahalar rege yashi. Kowane kwano kuma akwai abin da zai riƙe ciki: wake, ko gurjiya, ko awara da ta ɗan gasa, ko kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli. Wannan haɗin yana da dalili. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da ake kira laisin, wake da danginsa kuma suna da shi da yawa, sai ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Ina cin abincin bayan Azahar, ba na neman komai sai Magariba.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Hannunta yana da nauyi wajen mai. A wurinta dambu in bai yi sheƙi ba an wulaƙanta baƙo, ni kuma abin da na gudo ke nan. Sai da na maimaita mata kafin ta rage, kuma har yanzu in ta sha'afa yakan koma yadda yake. Alkamar ma ba kullum take nuna ba, akwai ranakun da take zuwa da ƙarfi a tsakiya, alamar ba ta kwana a jiƙe ba. Ranar kasuwa abinci yana makara, don jikan nata yana da wasu aike-aiken, kuma mai hutun rabin sa'a ba ya iya jira.

Babbar matsalar ita ce kular da ake zuba abincin a ciki. Gasasshen abu da tururi ba sa shiri. In aka zuba kabewa mai zafi a kan dambu aka rufe, kafin ta iso gefen nan da ya ƙone ya jiƙe, ta koma kamar dafaffiya, duk wahalar garwashin ta tashi a banza. Da na nuna mata, sai muka shirya ina aika ƙaramin kwano na daban ana saka gashin a ciki, a rufe da tsumma mai tsabta maimakon murfi. Tun daga nan take isowa yadda ta sauka daga wuta. Ina ganin ya kamata ta mayar da wannan ƙa'ida ga kowa, ko da za ta ɗan ƙara kuɗi.

Akwai abu guda da ba laifinta ba ne amma ya kamata a sani. Wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya ba zai samu bitamin B12 daga hatsi da ganye ba, kuma rashinsa yana jawo ƙarancin jini da matsalar jijiyoyi. Ni abincin rana kawai nake yi haka, da dare ina cin abin da aka dafa a gida. Mai niyyar dainawa kwata-kwata, musamman mai ciki ko mai shayarwa, ta fara ganin ma'aikacin lafiya ya rubuta mata ƙwayar.

Ga malamai da ma'aikatan asibiti da ke wannan yanki, ina ba da shawarar a gwada, a fara da burabusko da kabewa da miyar gashi. A gaya mata adadin man da ake so tun ranar farko, a aika kwano biyu, ranar kasuwa kuma a sa a kawo da wuri ko a je a karɓa da kai.