Allurar baya ko mofin bayan aikin ƙirji?

Jiya a majalisarmu ta Mabera wani ke cewa za a yi ma baffanshi aikin huhu, likitan da ke sa barcin tiyata ya ba su zaɓi biyu na kashe zafi bayan tiyata.

Allurar baya, wato efidural, siririn tiyo ake sawa a gadon baya magani na shiga a hankali, mutum na farke garau, shina jan numfashi shina tari ba tare da jin kamar ana tsaga shi ba, kuma tarin nan shi ne magana, don in majina ta kwanta cikin huhu nimoniya ke biyo baya. Illarta awon jini, wato BP, na yin ƙasa, fitsari ya riƙe, kuma mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ba a yi mai ita kai tsaye, jini na iya taruwa ya danne laka.

Mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake badawa ta jijiya, ta fi sauƙin bayarwa. Amma fa ga barci ga amai, kuma tana rage numfashi, dole nas ta riƙa ƙirga numfashin tana duba na'urar yatsa mai auna iskar oksijin cikin jini.

Ni dai in akwai ƙwararre kusa, ta bayan zan ce a yi ma tsohon.