Godot ko Unity: wanne mai koyo zai fara kamawa?

Ɗan uwa, ka ce ba ka taɓa rubuta kodin ba, laftof ɗinka tsohuwa ce mai RAM 4GB, kuma burinka ka haɗa gem da zai hau wayar Android. Tsakanin Unity da Godot, manhajoji biyu da ake haɗa gem da su, ni Godot zan ce ka kama, amma bari in baje maka su biyun.

Abin da zai fara cin ka shi ne data da ƙarfin na'ura. Unity sai ka sauke Unity Hub, wato manhajar da ake girka shi ta cikinta, sannan injin kansa, sannan kayan Android, jimilla gigabayit da dama, kuma a kan RAM 4GB buɗe aiki kaɗai sai an yi zaman jira. Godot kuwa fayil ɗaya ne, saukewarsa ba ta kai megabayit 100 ba, ka buɗe shi ya tashi nan take, ko a filas ka ajiye shi. Sai ran da za ka fitar da wasan zuwa waya ne za ka ƙara sauke wasu kayan masu nauyi. Har a Play Store akwai Godot, ranar da babu wuta kana iya taɓa aikinka a waya.

Sai harshe. Unity da C# ake rubuta shi, harshe mai ƙarfi da zai amfane ka ko ka bar harkar gem, sai dai mafari yakan sha fama da baka-biyu da waƙafi kafin ya ga komai ya motsa. GDScript, harshen Godot, ya yi kama da harshen Python, ido yana karanta shi cikin sauƙi. Ka sa hoto a allo, ka rubuta position.x += 200 * delta a cikin _process, wato ɓangaren kodin da Godot yake ta maimaitawa muddin wasa na tafiya, ka danna F5, sai ka ga hoton ya kama tafiya dama. Wallahi wannan motsin na daren farko shi ne yake riƙe mutum a kan koyo.

Inda Unity ya yi fintinkau shi ne daɗewa da yawan jama'a. Tun 2005 yake, da shi aka yi Subway Surfers da Among Us da Pokémon GO. Kusan duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ya warware ta a YouTube, ga kasuwar kayan haɗi, ga sauƙin saka talla a wasa. Kamfanoni ma sun fi neman wanda ya iya shi.

Godot wasu 'yan Ajantina biyu ne suka ƙirƙira, Juan Linietsky da Ariel Manzur, aka sake shi ga kowa a 2014. Kyauta ne har abada, ko nawa ka samu ba mai karɓar kaso. Unity ma kyauta ne ga ƙaramin mai haɗa wasa, amma a 2023 kamfanin ya sanar da kuɗi kan kowace saukewar wasan da aka yi da shi, aka yi ca a kansa, ya janye a 2024.

Ka sauke Godot 4, ka zaɓi Compatibility wajen buɗe sabon aiki saboda tsohuwar na'ura. Mako biyun farko ka haɗa ƙwallo da sanda biyu irin na Pong, har da lissafin maki. In ya maƙale, ɗauko hoton jan rubutun da ya fito ƙasan allo ka turo mu duba tare.