Fim ɗin ban tsoro na waje ko labaran mayu da iskokai na gida: amsa ga ƙanenmu

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce kai dai Allah Ya jarabce ka da son abin ban tsoro da na al'ajabi, har mutanen gida sun fara tambaya ko lafiyarka ƙalau, kuma kana so a faɗa maka wanne ya fi tsakanin finafinan ban tsoro na waje da labaran mayu da aljanu na gida. Ciwonmu ɗaya. A Daura na tashi, a gaban kakata, kuma na ɓata kuɗin tara da yawa a gidan kallo bayan mun dawo Katsina, don haka bari in jera maka su yadda na gan su.

Mu fara da mai cin mutane. Na Turawa shi ne Dirakula, wanda wani marubuci ɗan ƙasar Ayilan ya fito da shi a littafi a 1897. Basarake ne, yana zaune a wani tsohon gidan dutse can cikin duwatsun da ke ƙasar Romaniya a yau. Jini yake sha, madubi ba ya nuna shi, yana gudun tafarnuwa da kuros, wato gicciye, kuma ba ya shiga gida sai an ce mashi bismillah. Wannan zancen na cewa hasken rana yana ƙone shi ma daga baya aka ƙara, a wani fim na Jamus na 1922. Ka ga ke nan baƙo ne. Daga nesa yake zuwa, kamanninsa daban, dokokinsa a rubuce suke. In ka san su ka tsira.

Mayenmu fa? Ba ya da haƙora masu tsini, ba ya da alkyabba. A yadda ake ba da labarin, ƙanƙara ce a cikinsa, ko ya gada ko ya saya, kuma kurwa yake kamawa ya ɓoye, mutum ya yi ta ramewa yana sambatu yana kiran sunansa. Maye maƙwabci ne. Shi ya zo barka ranar da aka haife ka, da shi aka raba goro ranar suna. Abin da ya sa yaro zai wuce wata tsohuwa a lungu yana cewa a ransa “kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa” ke nan. A nan na gida ya yi wa na waje fintinkau, don babu fim ɗin da zai sa ka yi zargin wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya da shi.

Amma a nan ɗin kuma daɗin labarin yake ƙarewa. Ina yaro, a unguwarmu an taɓa tara mutane a ƙofar gidan wata gyatuma mai sayar da daddawa, don wata yarinya da zazzaɓi ya kama ta ambaci sunanta. Aka fito da ita, aka sa ta tsallaka yarinyar a gaban jama'a, tana kuka tana rantsuwa. Yarinyar ta warke bayan an kai ta asibiti an yi mata allurai. Gyatumar kuwa ba wanda ya ƙara sayen daddawarta, kuma jikokinta mata sun daɗe ba su samu manema ba. Ana cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Ita wadda aka yi wa ƙazafi ba a yi mata karin magana ba. Dirakula bai taɓa hana 'yar kowa aure ba, wannan kam a ba fim makinsa.

Sai wurin da abin tsoron yake zama. Su Amurkawa kullum wani gida ne a bayan gari, miji da mata sun saye shi da araha, da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da matakala mai ƙara. Mu da ba mu gina ɗakin ƙasa, tsoron nan aro muke yi. Namu wuraren a kan hanyar aike suke: gindin tsamiya, kogon kuka, juji, kango, makewayi, bakin gulbi da tsakar rana. Da lokacinsu kuma, wato almuru, sa'ar da iyaye mata ke kwaɗa wa yara kira su shigo gida. Wannan ma ba camfi ba ne zalla, akwai hadisi ingantacce da ya ce a tsare yara a farkon dare. Bambancin da ya fi kowanne ke nan a wurina. Mai shirya fim a can yana iya yin aljaninsa alhali bai yarda da shi ba, mai kallo ma haka. Mu kuwa sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, ta 72. Idan kaka ta ce an ga wani abu a gindin kuka, ba ka da damar cewa ai wasa ne.

Rijiya ce inda suka yi kunnen doki, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Akwai wani fim na Japan na 1998 da ya firgita duniya: kaset ne in ka kalla za ka mutu bayan kwana 7, sai wata yarinya mai dogon gashi ya rufe mata fuska ta rarrafo daga rijiya, ta fito ta cikin talabijin. Na kalle shi a gidan kallo, janareta na ta ɓari, ana cikin rarrafen nan wuta ta ɗauke, wani ƙato ya taka ni wajen neman ƙofa. Da na dawo hayyacina sai na tuna ai ni ɗan garin rijiya ne. Kusugu tana nan a Daura, da labarin macijiya Sarki da ta hana gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya ɗauki guga ya tafi shi kaɗai ya sare kanta. Dubi yadda kowa ya yi da rijiyarsa. Ta Japan fushi ne da ba ya ƙarewa, wadda aka zalunta ta dawo tana ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tamu ta ƙare da aure da sarauta, yau an gine ta, baƙi na zuwa a ja masu ruwa su sha su ɗauki hoto. Wajen sa gaba ya faɗi, na ba Japan. Sun iya shiru, abin da Amurkawa da yawa ba su iya ba, su sai dai a buga maka ƙara a kunne ka zabura, minti biyu ka manta.

Gawarwakin nan masu tafiya suna cin mutane ba zan daɗe a kansu ba. Asalinsu daga Haiti ne, inda ake cewa boka na tada mamaci ya yi mashi bauta a gona, sai wani fim na Amurka na 1968 ya maida su masu cin nama. Ba su taɓa kama ni ba. Mu da muke sallar gawa mu binne ta kafin rana ta faɗi, fatalwa guda a bakin maƙabarta ta fi mani dubunsu.

Shafar aljanu kuwa, a fim abu ɗaya ne: mugun abu ya shiga yarinya, murya ta sauya, a kira fada, wato limamin coci, ya zo da littafi da ruwa a yi ta artabu. Ba hali, ba dangi, mugunta ce tsagwaronta. Duba bori a gefe guda. Malamai sun yi hani da shi, ni ma ba cewa nake ka je ba, tsarin labarin nake nuna maka. Iskokin suna da gari, Jangare, suna da sarki da fadawa da 'yan uwa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kwalliya da caca da ɓarnar dukiya. Sarkin Rafi sai ihu da tsalle ya faɗo da mazaunai. Kuturu na naɗe yatsu yana korar ƙuda. Inna ita ake danganta wa shanyewar jiki. Kowa da kiɗansa a garaya ko goge, da kalar tufarsa, wanda aka hau kuma doki ne ko goɗiya, in za a sauka a yi atishawa. Wannan duniya ce cikakkiya, ga ban tsoro ga ban dariya a faifai ɗaya, kamar yadda Dodo ke haɗiye gari a tatsuniya amma Gizo da tsamin bakinsa ya yi mashi wayo. Abin da ke ba ni haushi shi ne finafinanmu na Hausa in sun taɓo wannan fanni, sai a shafa wa mutum farar hoda, a sa mashi jan ido na kwamfuta, ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Ga kaya a gida, ana kwaikwayon na wasu.

To in dare ɗaya kake so ka firgita ka yi barci, nemi na Japan ko na Koriya, ka sa abin ji a kunne, ka kashe fitila. Waɗanda ake yanka mutane kamar ragunan layya ka bar su, ƙyama ce kawai. In kuma abin da zai zauna maka kake nema, je ka wurin tsohuwar da ta rage a danginku. Tawa ba ta da kiɗa ko hoto, sai fitilar aci-balbal da murya, in ta zo wurin da Dodo ke kiran sunan yarinya daga bayan danga sai ta yi ƙasa da ita har sai mun matso jikinta, sannan ta cafke ƙafar na kusa. Ka tafi mata da goro da turare, ka nemi izini ka naɗi muryarta a waya. Kar ka je da hantsi, za ta ce maka ba a tatsuniya da rana.