Tallafin albashi na Survival Fund: abin da ya yi wa makarantarmu, da waɗanda bai kai gare su ba

Ina riƙe da wata ƙaramar makarantar firamare mai zaman kanta a cikin birnin Kano, wadda a shekarar 2020 take da malamai takwas da mai gadi ɗaya da wata dattijuwa mai shara. Makarantar kuɗi irin tamu ba ta da wata hanyar shigar kuɗi in ban da abin da iyaye suke biya, kuma duk wanda ya san harkar ya san cewa iyaye da yawa sai dab da jarrabawa suke cika kuɗin zango. Saboda haka da aka ba da umarnin rufe makarantu a watan Maris na waccan shekarar don gudun yaɗuwar cutar korona, an rufe mu ne da bashinmu a hannun mutane. A watan Afrilu aka kulle Kano gaba ɗaya, azumi kuma ya shigo a cikin kullen. Na iya biyan rabin albashi sau ɗaya, daga nan na kira malamaina ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, wanda a gaskiya sallama ce da ba a ambaci sunanta ba.

Wannan ne halin da shirin Survival Fund ya same mu a ciki, kuma a kansa nake son in faɗi ra'ayina a matsayin wanda ya shiga ya kuma ci moriya. Gwamnatin tarayya ta ware wa shirin Naira biliyan 75 daga cikin babban tsarin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya tsara, sannan aka ɗora jagorancin kwamitin gudanarwarsa a kan Ƙaramar Ministar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta lokacin, Hajiya Mariam Katagum. Shirin yana da rassa da dama, amma wanda ya shafe mu shi ne na tallafin albashi, inda gwamnati ta ɗauki nauyin biyan ma'aikaci tsakanin Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har tsawon wata uku, ga ma'aikatan da ba su wuce goma ba a kowace ma'aikata. An yi wa mutum 500,000 tanadi a faɗin ƙasa, aka ba Legas gurbi 25,000, Kano 17,000, Abiya 16,000, sauran jihohi da Abuja kuwa 13,000 kowannensu.

An buɗe shafin rajista a intanet ranar 21 ga Satumba, 2020, da ƙarfe goma na dare, kuma makarantu aka fara ba dama kafin masu otal da gidajen abinci, sannan sauran sana'o'i. Wannan jerantawa ta yi ma'ana, domin babu sana'ar da ta daɗe a rufe kamar koyarwa. Sharuɗɗan a bayyane suke: dole ma'aikata ta kasance ta ɗan Najeriya, ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni wato CAC, mai ita yana da lambar tantancewa ta banki wato BVN, kuma tana da aƙalla ma'aikata uku. Bayan mutum ya shigar da bayanansa da na ma'aikatarsa, sai a buƙaci sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu da BVN ɗinsu, tare da shaidar cewa da ma ana biyan su albashi. Ba a karɓi ko sisin kwabo ba a kan rajistar, kodayake masu shagunan kafe a unguwanni sun yi ciniki sosai a makonnin nan, har wani ya nemi in ba shi kaso daga abin da zai fito, na tattara takarduna na bar masa shagonsa, ƙanena ya ƙarasa mini aikin da wayarsa.

Shaidar biyan albashi ita ce matsatsin da mutane da yawa suka maƙale. Mu Allah ne ya cece mu, domin tun shekarar 2019 wata malama ta matsa mini in daina ba da albashi a ambulan in koma tura shi ta banki, na yi ta gunaguni a lokacin, ashe alheri take jawo mana. Da takardar bayanin asusun makaranta muka tabbatar da komai. Abokan sana'ata da suke biya hannu da hannu, ma'aikaci ya sa hannu a littafi ko ma kada ya sa, sun sha wahala kafin su haɗa abin da za su nuna, wasu kuma suka haƙura tun daga nan. Ko a wajenmu ma ba kowa ya tsallake ba. Malama ɗaya sunan mahaifinta ne a kan BVN ɗinta, mu kuwa sunan mijinta muka rubuta kamar yadda muka saba kiran ta, kuma wannan kuskurenmu ne, sai da muka gyara. Baba mai shara kuwa ba ta taɓa buɗe asusun banki ba a rayuwarta, don haka sunanta bai ma shiga ba, alhali ita ce ta fi kowa buƙata a cikinmu.

Abin da ya fi burge ni a shirin, kuma a kansa nake ba shi mafi yawan yabo, shi ne kuɗin ba ya biyowa ta hannun mai ma'aikata. Kai tsaye yake faɗawa asusun ma'aikaci. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: a lokacin mai gidan da muke haya yana bin mu kuɗin shekara, rufin aji biyu yana yoyo, kuma da a ce dubban ɗaruruwan nan sun sauka a asusun makaranta, ban tabbata zuciyata ba za ta raya mini in ara in biya haya da niyyar zan mayar ba. Wanda ya tsara shirin ya san halin mutane, ya toshe wannan kafa tun kafin a gwada kowa. Ba a rasa masu ma'aikatun da suka cusa sunayen 'yan'uwansu ko suka ce wa ma'aikata sai an raba da su, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a tsakaninmu, amma yin hakan sai da haɗin bakin mai asusun, kuma ma'aikacin da alat ya shigo wayarsa ya san haƙƙinsa nawa ne.

Malamanmu sun sami Naira 30,000 kowane wata, jimla 90,000 ke nan. A nan akwai wani abu da ya ba ni kunya. Naira 30,000 ita ce mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a shekarar 2019, amma a makarantun kuɗi na unguwa malami kan yi wata guda cur a kan abin da bai kai haka ba, kuma wasu daga cikin nawa tallafin ya fi albashinsu. Duk da haka kada a ɗauka kuɗin ya yi kauri. An rufe iyakokin ƙasa na tudu tun watan Agustan 2019, shinkafa ta yi tsada, an ƙara kuɗin fetur da na wutar lantarki a watan Satumban 2020, kuma zuwa Disamba hauhawar farashin kayan abinci ta kusa kai kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya yi wata shida yana cin bashi a kantin unguwa, abin da ya samu bai kwana a hannunsa ba.

Wannan ya kawo ni ga babban aibin shirin, wato lokaci. An rufe makarantu a Maris, aka buɗe rajista a ƙarshen Satumba, muka koma aji a Oktoba, kuɗi kuma suka fara shigowa bayan mun koma. Manufar da aka bayyana ita ce a hana korar ma'aikata, amma duk wanda za a sallama an riga an sallame shi tun kafin damina ta tsaya. Abin da tallafin ya yi shi ne biyan bashi, kuma wannan ma alheri ne, sai dai ba shi aka yi alkawari ba. A Ingila, gwamnati ta sanar da ɗaukar kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida tun ranar 20 ga Maris, 2020, kafin ma a fara cikakken kulle. Ban kawo wannan don in ce aljihunmu ɗaya da nasu ba, musamman a shekarar da farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas. Abin lura shi ne su sun riga suna da sunan kowane ma'aikaci da albashinsa a rumbun hukumar haraji, mu kuwa sai da annoba ta zo aka fara tambayar wa yake aiki a ina.

Aibi na biyu shi ne ƙofar ta yi ƙunci. Binciken da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i wato SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a shekarar 2017 ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kai miliyan 41.5, kusan dukkansu na mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan. Mai shayi da yaransa biyu, da mai tuwo-tuwo a bakin tasha, da telan Kantin Kwari mai keke uku, da yaron shago a Sabon Gari, yawancinsu ba su da takardar CAC balle littafin albashi, kuma su ne kulle ya fi gigitawa domin sai sun fita suke ci. Masu shirin ba su jahilci wannan ba. Sun ware tallafin Naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi 333,000, sun ɗauki nauyin yi wa sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta, sun kuma ce kashi 45 cikin ɗari na mata ne, kashi 5 na masu buƙata ta musamman. Rajistar kyautar nan abu ne mai amfani na dindindin, sai dai ta zo ne tare da tallafin albashi, ba gabansa ba, don haka wanda ya samu takardarsa ya same ta ne bayan an ci kasuwa. Sake buɗe shafin da aka yi daga baya saboda jihohi da yawa ba su cika gurabensu ba ya isa shaida: mabuƙata ba su yi ƙaranci ba, masu takarda ne suka yi.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware wa mai karatu, domin a bakin jama'a komai kuɗin korona ne. Survival Fund kyauta ce, ba a mayar da ita. Amma akwai wani shiri daban na Babban Bankin Najeriya da aka fara da Naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, wanda ya riƙa ba magidanta har Naira miliyan 3, ƙananan kamfanoni kuma har miliyan 25, a kan kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a farko. Wannan rance ne, kuma mutane da yawa sun karɓe shi da zaton rabon gwamnati ne, sai daga baya da aka fara cirar kuɗin daga asusunsu ta hanyar BVN suka gane. Ni ban nema ba, saboda batun ruwa da kuma tsoron ɗaukar bashi a kan makarantar da ban san ranar buɗe ta ba, kuma da na kwatanta biyun sai na ga ƙaramar kyautar ta fi dacewa da irinmu.

In za a tambaye ni maki, zan ba hanyar biyan kuɗin cikakken yabo, in ba sauƙin rajista matsakaici, in ba lokaci da faɗin shirin kaɗan. Ga mai ƙaramar ma'aikata kuwa, abin da ya raba wanda ya samu da wanda bai samu ba abubuwa uku ne da ba su da tsada: takardar CAC, biyan albashi ta banki, da tabbatar da cewa sunan kowane ma'aikaci ya yi daidai da na BVN ɗinsa. A makon da muka koma makaranta na sa aka raka Baba mai shara ta buɗe asusu, daga baya kuma malamai suka yi karo-karo daga abin da suka samu suka haɗa mata wani abu.

Daga cikin malamaina takwas, bakwai sun dawo aji. Na takwas ɗin shi ne malamin lissafi, wanda tun a watan Yuni ya karɓi adaidaita sahu a hannun wani ɗan'uwansa yana kai masa balas kullum. Yana kan titi da fasinja alat ɗin farko ya shigo masa, ya kira ni ya yi godiya, ya kuma ce mini abin da yake samu yanzu ya fi abin da nake ba shi. Sai da na yi zango biyu kafin na sami wanda zai riƙe mini lissafin aji biyar da aji shida.